Furen Cikin Ƙwaryar Mairama

Ranar da Ya Mairama ta ce mini ciwon ƙafa ne ya hana ta bin shanu arewa, dariya na yi har na kusa ɓarar da nonon da ta zuba mini. Bafillatana da ciwon ƙafa! Matar da tun kafin a yi mini aure nake ganinta tana tahowa daga ruga, ƙwarya kan ƙwarya a ka, tana wuce jakuna a hanya.

"Ya Mairama, ki faɗi gaskiya," na ce. "Tuwonmu ne ya yi miki daɗi. Kin gaji da nono."

"Ji baiwata," in ji ta. "Wa zai bar nono ya zauna don miyar Barebari, barkono da gishiri?"

Haka muke da su, Fulani da Barebari, ba a haɗuwa a rabu ba a yi wa juna tsiya ba. Ni ce Fatime, matar Gajere manomin tattasai. Zamanin Nasara ne, Diffa ba ta wuce 'yan gidajen zana da rumfunan kasuwa ba, kowa ya san abin da ke cikin tukunyar kowa. Kowa kuma ya san yadda shekara take tafiya a kwarin Komadugu. Da rani makiyaya suna tare da mu, shanunsu na shan ruwan da ya rage a gurbin kogi. Ruwan farko na sauka, mu kama shuka, su kuma su naɗe tabarmi su yi arewa tun kafin saniya ta taka gonar wani a yi rigima. Ba Bafillacen da ke ganin tsakiyar daminarmu.

A shekarar nan mijinta Yero ya rasu da sanyi. Ɗanta Magagi ya kora garke ya tafi, ya bar mata saniya ɗaya da 'yar bukka a bayan gari. Kullum da safe ta kawo mini nono, maimakon ta koma sai ta tsaya tana tambayata ina zan je yau. In na ce gona, ta ce bari ta raka ni ta miƙe ƙafa. Mai ciwon ƙafar ke nan. Abin da na lura da shi, ba ta duban hanya, ba ta duban mutane. Ƙasa take dubawa, gefe da gefe, gindin kowace kaba da kowace magarya, kamar wadda ɗan kunnenta ya faɗi.

Ni ba na iya haɗiye tambaya. Wata rana muna zaune a gindin tsamiya, hadari ya taru gabas yana ta alkawari, na ce, "Don Allah me kika yar a kwarin nan?"

Ta daɗe tana murza awarwaron hannunta. Sannan ta ce, "Kin san wani fure, ba shi da ganye? Kara ne kawai yake fitowa daga ƙasa tsirara, ya kai gwiwa ko ya ɗara. Furanninsa tsakanin ja da shuni. Kowane ɗaya da ɗan leɓe a ƙasa, a buɗe."

Na ce ban sani ba. Mu abin da ba a ci, ba a sha don magani, ba mu faye ba shi suna ba.

"Sau ɗaya na gan shi," in ji ta. "A cikin ƙwaryata."

Daga nan labarin ya riƙa fitowa gutsure-gutsure, tana ba da shi ga tsamiyar, ba ga ni ba. Wata damina, tana yarinya ɗanya, ruga ta tashi aka bar su baya, ita da Yero da uwar Yero, don ba ta iya tafiya. A wata kwanar kogi ce, gabas da Diffa, hanyar Geskeru. "Sai aka yi baƙo," in ji ta. Haka ta ce, baƙo. An yanka masa akuya, wani malami mai wucewa ya raɗa masa suna. Bai daɗe ba ya koma. Yero ya ɗauke shi a cikin zanen da ta yi aure da shi, ya shiga daji, mata ba sa bin gawa. Da ya dawo bai ce mata uffan ba. Sai ya sunkuya ya ajiye karan furen nan a cikin ƙwaryar nonon da ta kasa sha, ya juya ya tafi wajen shanu.

Sai a lokacin na gane. Ɗan fari ne. Mu ma muna kunyar ɗan fari, amma ta Fulani ta wuce misali. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta dubansa a gaban mutane, in ya faɗi ba ta cewa wayyo. In ya mutu ba ta kuka, balle ta buɗe baki ta tambayi miji inda aka sa shi. Shi ma mijin kunyar ce ta ɗaure shi. Suka yi zaman aure har furfura, ba wanda ya taɓa tayar da maganar. Furen nan ne kaɗai abin da ya iya gaya mata.

"Da rani na duba, na duba," in ji ta. "Ba ko alamarsa. Sai ruwa ya jiƙa ƙasa yake fitowa, ina ji. Mu kuwa lokacin mun yi nisa."

Haushi ya kama ni, har ban san wa zan ji wa ba. Na ce, "Shekara da shekaru kina kwana da mutum, tambaya ɗaya ta gagare ki?" Ta dube ni kamar na ce ta tuɓe zane a kasuwa. 

Ta ce tana yawan mafarkinsa. Ba yaron ba, furen. Sai ta ga wani fili da safe, 'yan maruƙa suna yawo a ciki, furannin suna taɓa musu ciki, ba ɗaya da ke kai baki ya ci. Tana ta ƙoƙarin isa, ƙwaryar kanta tana ƙara nauyi, sai ta farka.

Ni kuma ga abin da ke ci mini rai, na kasa gaya mata. Shekarun nan ruwa ya yi yawa, kogi ya cinye mana rabin tsohuwar gona. Bulama, mai garinmu, ya yanka wa Gajere sabon wuri a wata kwanar kogi, gabas, hanyar Geskeru. Shi da ƙannensa sun riga sun sa gatari. Abin da suka sare su tara su ƙone, abin da ke cikin ƙasa su tone shi, don tattasai ba ya son kishiyar saiwa. Kwanar kogi ba ɗaya ba ce, na gaya wa kaina. Amma tun daga ranar, duk dare in Gajere ya dawo sai in duba ƙafafunsa da bakin fartanyarsa.

Aka yi ruwa mai yawa wata Laraba, tun la'asar har gari ya waye yana yayyafi. Da safe na dama kunu zan kai wa masu aiki, sai ga Mairama a ƙofar gida, ko nonon ba ta kawo ba.

Ban taɓa ganin safiya irin wannan ba, kuma ban sake gani ba. Hazo ya kwanta a cikin kwari, fari fat, kawunan goriba kaɗai suka fito sama suna lilo ba gindi. Ruwan kogi bai iso ba tukuna, amma rairayin gurbinsa ya jiƙe ya yi duhu, ga ƙanshin ƙasa har cikin maƙogwaro. Shinge, garar nan mai tashi bayan ruwa, suna ta fitowa daga rami, fukafukansu na manne mana a fuska. Kwaɗi suna kuka ta ko'ina amma ba ka ganin ko ɗaya. Muna tafe ba ma jin sawunmu. Wani lokaci in waiwaya in ga Mairama rabinta kawai, daga ƙirji zuwa sama, tana tahowa a kan hazo. Har na fara shakkar ko na tashi daga barci.

Can muka jiyo saran gatari, ɗaya-ɗaya, kamar daga ƙarƙashin ruwa. Na nufi wajen. Ita kuwa ta ratse hagu, ta kutsa cikin wani kurmin kaba. Na kira ta, ba ta waiwayo ba. Na ajiye kunun na bi ta ina mita, ƙaya tana jan zanena.

Bayan kabar akwai wani ɗan kwari mai faɗin tsakar gida. Rana ta fara huda hazon daidai wurin. Suna nan tsaye. Kara ba ganye, daga ƙasa tsirara, kowanne ɗauke da furanni tsakanin ja da shuni, kowane fure da leɓensa a buɗe, ɗigon ruwa na rataye a bakinsa. Ba ɗaya ba ne, ba goma ba. Sun cika kwarin daga wannan gefe zuwa wancan. Ba iska, amma suna ɗan motsi. A bakin kwarin ga wata tsohuwar tsamiya ta karkata.

Mairama ta tsaya. Ita da ta zo neman kara ɗaya, ta sami gari guda. Ta durƙusa a hankali, ta kai hannu kusa da wani, ba ta taɓa ba, ta janye. Ta dubi wancan, ta dubi wancan.

"Wannan tsamiyar ce," in ji ta. "A ƙarƙashinta muka kafa bukka. Amma Fatime, wane ne nasa?"

 Tausayinta ya cika ni har na ji haushin furannin da suka yi yawa.

Sai ga Gajere ya ɓullo ta ɗaya gefen, gatari a kafaɗa, ƙannensa a baya, suna neman inda kununsu ya maƙale. "Wushe, Ya Mairama," in ji shi, da gaisuwarmu ta Barebari. "Me Fulata take yi a gonar ubangidanta?" Ya bi idonmu ya ga furannin. "Af, waɗannan. Wani Nasara mai auna kogi ya taɓa ce musu orkide, har ya cire hula yana kallo. Ƙarƙashinsu duk dunƙule-dunƙule ne kamar rogo. Yau za mu tone su. Nan ne ƙasar ta fi kyau, nan zan kafa jigo in riƙa ɗebo ruwa."

Na ja shi gefe na gaya masa akwai kabari. Mijina yana da son ƙasa, amma yana tsoron Allah. Nan take ya sauke gatarin.

"Subhanallahi. To ba mai taɓawa. Sai mu kewaye kwarin duka da ƙaya, tunda ba a san daidai wurin ba." Ya juya wajenta. "Amma Ya Mairama, kin san yadda muke yi. Kabarin da ke cikin gona da sunan mai shi ake barinsa. In je in gaya wa bulama, liman ya zo ya yi addu'a, a riƙa cewa wurin wane ne. Wanda ba suna, ina mutuwa yaran nan za su sa masa fartanya, su ce tatsuniya ce. Wa ke kwance a nan?"

"Na Yero ne," in ji ta, idonta a ƙasa.

"Yero nawa ne a kwarin nan? Sunansa nake tambaya."

Na mintsine shi a hannu har ya yi ƙara. Na so in amsa a madadinta, sai na tuna ni ma ban sani ba. Magagi bai sani ba, bai ma san an yi wani kafin shi ba. Malamin ya wuce, uwar Yero ta rasu, Yero ya bi ta. Duk duniya baki ɗaya ne ya rage da sunan nan a ciki, kuma shi ne bakin da aka hana.

Muka tsaya. Ƙannen Gajere suka sunkuyar da kai, ƙaramin ya juya baya don ya rage mata idanu. Hazo yana ta janyewa, rana tana hawa kan furannin ɗaya bayan ɗaya. Na ga leɓenta yana motsi ba sauti, kamar mai gwada makulli a tsohuwar ƙofa. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Sannan ta juya mana baya gaba ɗaya, ta fuskanci kwarin.

"Hashimu," ta ce.

Ba Gajere ta gaya wa ba. Da irin muryar da ake kiran yaro ya zo ya sha nono tun da ɗumi ta faɗe shi. Ta saurara, kamar za a amsa. Ta sake cewa, "Hashimu," da ƙarfi wannan karon, muryar ta tsage a tsakiya. Sai kukan da ta riƙe tun tana yarinya ya zo. Na durƙusa na riƙe ta, ni ma ina yi. Mazan suka koma cikin kabar suka fara saran ƙaya.

Gajere ya kafa jigonsa can ƙasa, inda ɗiban ruwa ya fi wuya, ya yi ta ƙorafin bayansa har ƙarshen ransa, amma bai matsar da ƙayar nan ko taki ɗaya ba. Furannin ba su daɗe ba suka zube, ganye ya fito, da rani wurin ya koma ƙasa tsirara. Mutane suka saba cewa Kwarin Hashimu, masu jakuna da masunta da mata masu itace.

Ita kuwa ban sake jin sunan a bakinta ba, ko sau ɗaya. Da kaka Magagi ya dawo da shanu, ta koma rugarsu, ƙafa ta warke. Sai dai duk ranar da ta biyo ta hanyar gonar da ƙwaryarta, in ta ga mutum, ko wane ne, ko wanda ta tambaya jiya, sai ta tsaya ta nuna shingen ƙayar da haɓa.

"Kai, bawana," ta ce. "Me kuke ce wa wurin nan?"

A gaya mata. Ta ce ba ta ji ba, kunnenta ya tsufa, a sake faɗa.