Barkono a Safar Malam Hammawa

Al'amarin ya fara ne a sanyin bara, cikin watan Janairu, lokacin da ƙafafun Malam Hammawa suka daina rufa masa asiri. Shekara arba'in ke nan yana fita farauta daga Azare kowace Asabar ta rani, kuma abu ɗaya aka san shi da shi: ba ya jin sanyi a ƙafa. A cewarsa, kakansa na Udubo ne ya yi masa tsaga a dunduniya ya cusa magani tun yana jariri. Ta fannin harbi kuwa, zabin fadamar Jama'are ba su taɓa canja wurin kiwo dominsa ba. Amma saboda sunan nan, shi ake sawa a gaba idan za a keta raɓa ko a tsallake ruwa, daga nan kuma limancin azahar ya biyo baya ba tare da wani ya tuna dalili ba. Idan aka cire sunan, abin da zai rage tsoho ne da bindigar da ta girmi 'ya'yansa.

Matarsa, Ya Fanna, ita kaɗai ta san gaskiya, domin ita ke ɗora ruwan da yake tsoma ƙafafun a ciki idan ya dawo, yana nishi a bayan labule. Ta sayo masa safa mai kauri. Ya ƙi, daga baya ya karɓa bisa sharaɗin zai ɓoye ta cikin dogon takalmin roba, ya ce wa jama'a saboda macizai ne. Da ya ci gaba da ƙorafin sanyi, sai ta kawo dabarar da ta ji wurin wata maƙwabciya 'yar Yobe, wadda mijinta maigadi ne: a barbaɗa garin barkono a cikin safar. Malam Hammawa ya ce shekara talatin da takwas yana cin girkin Babarbariya bai mutu ba, don haka ta zuba.

Ta zuba da hannun miya.

Ranar Asabar bayan asuba ya shiga raɓa kamar saurayi. Alhaji Sherif, Babarbare kuma abokin wasansa na shekara talatin, ya dubi takalmin ya tambaya ko maganin kakan ma yana tashi daga aiki ne kamar na asibiti. Malam Hammawa ya amsa cewa Bafulatani ba ya yi wa bawansa bayani. Aka yi dariya, aka ci gaba. Ƙafafunsa kuwa ɗumi suke yi, ɗumin da ya rabu da shi tun zamanin da yake da haƙoransa duka.

Da rana ta ɗaga, ɗumin ya wuce yadda aka yi alkawari, gumi ya kai barkonon cikin kowane faso. Lokacin azahar ya zagaya bayan wata sabara kamar mai kama ruwa, ya tuɓe safar, ya kakkaɓe ta da hannu, ya murɗe, ya cusa a aljihu. Ya dawo ƙafa tsirara, ya ɗauki buta a gaban kowa.

Ya wanke hannu sau uku, da ɗan ruwa kaɗan kamar yadda ake yi a daji. Da ya kurkure baki ya ji wani abu, bai ba shi muhimmanci ba. Ya shaƙa ruwa. Sannan ya wanke fuska da kulawar da ta dace da liman, yana bi da yatsa har cikin kwarmin ido.

Kafin ya tayar da kabbara, hawaye sun jiƙa masa gemu. Karatun azahar a ɓoye ake yinsa, saboda haka abokan farauta takwas da ke sahu ba abin da suke ji sai jan hanci da shessheƙa, da kabbarar da ke fita tana rawa. A raka'a ta biyu Yunusa mai faci, wanda ba a taɓa ganin hawayensa ba ko a jana'iza, shi ma ya fara. A ta huɗu rabin sahun na kuka.

Bayan sallama ba wanda ya yi gaggawar tashi. Wani ya ce ya bi manyan malamai sallah a Kano bai taɓa ganin tsoron Allah irin wannan ba. Malam Hammawa yana zaune, idanu a rufe domin ba sa buɗuwa, ya fahimci cewa an miƙo masa sabon suna, wanda ya fi na ƙafa tsada nesa ba kusa ba. Abin da kawai ake buƙata daga gare shi shi ne ya yi shiru.

Sai Alhaji Sherif ya matso ya durƙusa, ya cire hula.

"Malam, ka yafe mini wasan da nake yi maka," in ji shi. "Ban san matsayinka ba. Ka sa ni a addu'a."

Shekara arba'in Malam Hammawa yana yi wa kakansa ƙarya bai taɓa rasa barci ba, domin kakan ma ba baƙon ƙarya ba ne. Amma wannan ƙaryar ba da sunan kaka za a yi ta ba, da sunan Allah ne. Ya sa hannu a aljihu, ya zaro safar, ya ajiye a gaban Sherif.

"Sa hularka, bawa. Barkonon 'yar'uwarka ne."

Sherif ya ɗaga safar ya sunsuna, ya yi atishawa uku a jere. Ya mayar da hularsa a hankali, ya tambaya ko maganin Udubon ke nan, kuma ko ana samunsa a mudu. Yunusa ya nemi a gaya masa matsayin hawayensa a shari'a. Ba wanda ya sake harba bindiga a ranar, dariya ta kori duk abin da ke fadamar.

Da la'asar Ya Fanna ta dubi idanunsa, ta ɗora ruwa ba ta tambayi komai ba. Sai da ya tsoma ƙafa ta ce ko ta ba da bindigar a ajiye.

"A'a," in ji shi. "Asabar zan fita da safa a kan wando, kowa ya gani. Ki rage barkonon. Limanci kuma na bar wa Yunusa."