Akwatin da Dogo Ya Kawo

Maigidana bai taɓa damuwa da mota ko sutura ba, amma kayan sautin falonmu, kada ka kuskura ka taɓa. Akwai ƙaramin akwati mai jawo waƙa daga intanet, a ƙarƙashinsa kuma wani mai mayar da ita sauti kafin ta kai ga lasifika. Ni aikina goge su, shi ma sai yana tsaye a kaina. Abokansa Kunne suke ce masa, don a da ko waya ɗaya aka canza sai ya gane.

Tun bara ya fara mita wai sautin ya dushe, kamar an lulluɓe lasifikan da bargo. Ya canza wayoyi. Ya jawo kujera gaba, ya mayar da ita baya. Har labulena ya sa na cire, wai yana shanye sauti. Na cire ina ƙunƙuni, amma ba labulen ne ya dame ni ba. Na riga na lura sai na yi ta kiransa daga kicin kafin ya juyo, ƙararrawar ƙofa kuma ni kaɗai nake ji. Na rasa ta inda zan fara gaya masa.

Wata Asabar abokinsa Dogo ya kawo masa aron sabon akwatin mayar da sauti, don a gwada shi da namu. Yadda suke gwajin, mai saurare zai rufe ido, ɗayan ya riƙa sauya waya tsakanin tsohon da sabon, ba tare da ya faɗi wanne ke aiki ba.

Maigidan ya zauna, ya rufe ido, aka kunna waƙa, ya ce a ƙara murya. Aka ƙara. Ya ce a ƙara, har kofunan shayin da na kawo suka fara rawa a faranti.

"Wannan namu ne," ya ce. "Ji yadda ya toshe."

Sabon ne. Dogo ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya sauya waya.

Maigidan ya daɗe yana saurare. "Wannan ma haka," ya ce a hankali.

"Wallahi ni ma ban ga abin da ake zuzutawa a sabon nan ba," Dogo ya yi saurin cewa. "Talla ce kawai, Kunne."

Maigidan bai kula shi ba. Ya buɗe ido ya juyo wajena.

"Maman yara, ke ba kya yi min ƙarya. A waƙar nan akwai wani ɗan kuge siriri da ke shigowa bayan ganga. Yana nan?"

Tausayinsa ya kama ni. Na so in ce ban san kuge ba.

"Yana nan, Baban yara. A duka biyun."

Ya gyaɗa kai. Dogo, da tsawonsa da komai, ya durƙusa yana ta gyara wayar da ba abin da ya same ta.

Can maigidan ya ce, "Dogo, rage muryar nan, kada in kurmantar da ku. Maimaita waƙar daga farko." Sai ya matsa gefe a kujerar da ko 'ya'yansa ba ya bari su zauna, ya miƙo min hannu. "Zo zauna. Duk inda kugen ya shigo, ki matsa min."

Na zauna. Ganga ta wuce, kugen ya shigo, na matsa hannunsa.

"Eh," ya ce, idonsa a rufe. "Nan ne wurinsa."