Muryar da Shanu Suka Sani

Ni tela ne a Karaye, amma in ka tambayi mutanen layinmu za su ce maka sana'ata biyu ce, ɗinki da musu. Ban ƙi ba. Abin da ba su faɗa shi ne, kusan duk musun da nake yi a kan abu ɗaya ne, wani littafin labarin zane mai suna Mai Kiran Garke.

Rumasa'u ce ta zana shi, 'yar Kafin Dafga da ta yi karatu a Kano ta dawo da hannu mai albarka. Labarin wani makiyayi ne, Garga, wanda in ya ɗaga murya ya yi kira, shanunsa sai sun zo ko da me ke gabansu. Na karanta littafin nan har bangonsa ya cire, na mayar da shi da zare da allura. A shafi na arba'in da biyu, bayan ɓarayi sun haye kogi da garken, Garga ya tsaya a bakin gaɓa ya buɗe baki. Rumasa'u ta zana da'irar nan da ake rubuta maganar mutum a ciki, ta yi ta ƙatuwa har ta cinye rabin shafi, amma ko harafi ɗaya ba ta sa a ciki ba. Fara ƙal ta bar ta. Kana juya shafi sai ka ga ƙahonni sun cika ruwa.

Da labari ya zo cewa wasu 'yan fim a Kano za su mayar da littafin fim, zauren masoyansa da muke da shi a waya ya rabu gida biyu. Ni ne shugaban masu cewa za a ɓata mana abu. Shugaban ɗaya ɓangaren kuwa Yusha'u ne, mai shagon cajin waya da ke kallon nawa, mutumin da ko ƙasan littafin bai taɓa gani ba amma ya fi kowa ra'ayi a kansa.

Ranar da aka saki tallar fim ɗin, sai ga shi ya tsallako titi da wayarsa.

"Malam Ƙasimu, barka da aiki. Kalli nan ka ga yadda ake abu."

Na kalla. Sun sa wa Garga shadda mai sheƙi, wai da ita zai shiga daji kiwo. Ya riƙe sanda kamar takobi. Ya zauna tatsar nono ba a saki maraƙi ya fara tsotsa ba, abin da ko 'yar shekara bakwai a ruga ta san saniya ba za ta saki nono a haka ba. Sannan ga waƙa da rawa a tsakiyar makiyaya.

"Wannan ba Garga ba ne," na ce. "Ango ne ya ɓata hanya."

"Kai dai ba ka son ci gaba. Littafinka yana motsi ne? Yana magana?"

"Shi ya sa ba ya yin ƙarya. Ka jira shafi na arba'in da biyu. Duk abin da suka sa a bakin ɗan shaddar nan, ba zai kai farar takarda ba."

Da gaske nake wannan magana. Ni a wurina kowa yana jin kiran ne a cikin kansa, kuma na cikin kai ya fi duk wanda lasifika za ta fitar.

Mako biyu bayan haka Rumasa'u ta shigo shagona da ƙunshin baƙin yadi. Bayan mun gaisa na tambayi mutanen gida, ta ce labule take so guda shida. Ta roƙi 'yan fim ɗin su kawo majigi a nuna a wani aji na makarantar firamare da ke gefen ƙauyensu, da la'asar, don haka sai an toshe tagogi.

"Me ya sa ba za a bari sai bayan sallah ba, a huta?" na ce.

"Saboda Bappa, Yaya Ƙasimu. Ina so ya gani kafin ranar kasuwar Rogo."

Bappa Mijinyawa ƙanin mahaifinta ne, shi ya rene ta, kuma duk yankin Bappa muke ce masa. Na san an yi masa aiki a maƙogwaro wata bakwai da suka wuce, ya tashi lafiya amma murya ta tafi gaba ɗaya. Abin da ban sani ba shi ne abin da ta gaya mini a ranar.

Shi Bappa ba ya kora shanu. Gaba yake shiga, ya yi kira, su biyo shi, kamar yadda mahaifinsa da kakansa suka yi da iyayen shanun nan. Tun da ya kwanta aka ɗauko wani mutum yana kora su daga baya da sanda da tsawa, irin korar da ake yi wa shanun kasuwa. Shanun suka rikice. Sau biyu suna watsewa suna faɗawa gonar gyaɗar mutane. Bappa kuwa tun da ya dawo daga asibiti bai sake taka garken ba, kunyarsu yake ji. Ƙarshe ya rubuta wa Rumasa'u da ajami a bayan wata takarda cewa makiyayi marar murya ba makiyayi ba ne, a kira mai mota ranar kasuwar Rogo a kwashe su duka.

"Saniya talatin da ɗaya," ta ce. "Har da Wule, mai farin goshin nan da ke jan garke. Na yi magana, na yi kuka, ya kau da kai. Garga da kake gani a littafi shi ne. Ina so ko sau ɗaya ya ga yadda nake ganinsa."

Tausayi ya kama ni, amma bakina bai iya zama shiru ba. Na ce ina tsoron in Bappa ya ga tatsar nonon nan ciwonsa zai tashi. Ta yi dariya kaɗan, ta ce ita ma ta yi faɗa da su a kai, ba su ji ba. Ta ce abu ɗaya kawai suka yarda ta sa hannu a ciki. Ban tambaye ta ko mene ne ba, don na riga na fara auna yadi.

Ranar kallo ajin ya cika tun kafin a idar da sallar la'asar. Har mutanen ƙauyen Kurugu sun zo a babura, mata sun cika baranda. Da Yusha'u ya ga jama'ar waje ta fi ta ciki, sai ya fito da ƙatuwar lasifikarsa ya ɗora a kan tebur a bakin fili, ya ƙure sautinta, wai wanda bai gani ba ya ji. Babu wanda ya tuna cewa burtalin da shanu ke bi in sun dawo daga kiwo ta bayan makarantar ya wuce, kuma lokacinsu ne.

Bappa yana zaune a kujera kusa da ƙofa, da rawani naɗe a kansa har ya rufe wuyansa. Na durƙusa na ce, "Bappa, barka da yamma. Ya ƙarfin jiki?" Ya dafa kafaɗata ya gyaɗa kai.

Aka fara. Ni ina ƙirga kurakurai da yatsu, Yusha'u yana zungurina duk sanda aka yi wani abin burgewa. Da aka zo tatsar nono matan baranda da ke leƙe ta ƙofa suka fashe da dariya, ni kuwa na ji kamar an ba ni kyautar keken ɗinki sabo. Na saci kallon Bappa. Ko gezau bai yi ba.

Sai aka zo bakin kogi. Na gyara zama, na shirya abin da zan faɗa. Ɗan shaddar ya tsaya a gaɓa, kiɗa ya ɗauke, ya buɗe baki.

Abin da ya fito ba muryarsa ba ce. Murya ce ta dattijo, ta fara daga ƙasa kamar daga cikin rijiya, ta hau, ta yi tsawo har ka ce numfashi zai yanke, sannan ta karye ta sauko a kan sunan Wule. Duk wanda ya taso a Kafin Dafga ya san wannan kira na Bappa ne, ya ji shi yana ratsa gonaki da yamma tun yana goye. Daga baya na ji cewa Rumasa'u ta ɗauki kiran a wayarta shekara biyu da suka wuce tana zanen littafin, kuma shi ne abin da ta tsaya a kai sai an sa.

Bappa ya kai hannu ya kama wuyansa.

A fim ɗin an maimaita kiran sau uku. Ana cikin na biyu muka ji ƙasa tana rawa. Wata mata a baranda ta yi salati, sai gudu. Na yaye labulen da na ɗinka da hannuna na leƙa. Kallo ya koma waje.

Shanu ne, sun baro burtali sun ratso filin makaranta a guje, mai korarsu yana can baya yana ɗaga sanda a banza. Wule ce a gaba. Na zaci za su tattake mutane, amma suna isa wurin teburin suka ja suka tsaya cak, suka kewaye lasifikar, kunnuwa a miƙe. Kira na uku ya fito. Duk garken ya amsa da kuka lokaci ɗaya, har na ji shi a ƙirjina. A rayuwata ban taɓa ganin abin da ya sa na ji ni ƙaramin mutum ne kamar wannan ba. Na tsinci kaina ina ta tasbihi.

Wule ta sunsuni lasifikar, ta zagaya bayanta, ta sake sunsunawa. Ba ta sami kowa ba. Ta ɗaga kai tana dube-dube, tana wani gunji ƙasa-ƙasa.

Lokacin ne Bappa ya fito. Mutane suka dare masa. Ya sauko daga baranda a hankali, ya tsaya a fili hannu biyu a sake, hawaye na bin gemunsa. Bakinsa ya motsa, babu abin da ya fito sai iska. Wule ta juyo. Ta tako har gabansa, ta sa hancinta a ƙirjinsa, ta tsaya haka. Sauran suka matso ɗaya bayan ɗaya har muka daina ganinsa sai rawaninsa.

Da suka ɗan buɗa, ya miƙa hannu, mai korar ya ba shi sandar. Bappa ya gicciye ta a kafaɗu, ya rataya hannuwansa a kai, ya juya ya kama hanyar ruga bai waiwaya ba. Wule ta bi shi. Sauran talatin ɗin suka jeru a bayanta.

A cikin aji fim yana ta yi shi kaɗai, babu mai kallo. Yusha'u yana tsaye kusa da ni baki buɗe. Na jira ya tsokane ni, tunda ga shi ya samu dama irin wadda ba zai sake samu ba, amma sai ya share ido da hannun riga ya tafi naɗe wayoyinsa. Har yau ban san yadda fim ɗin ya ƙare ba, kuma har yau ina nan a kan bakana game da shaddar.

Ranar kasuwar Rogo mai mota ya zo da sassafe, aka ba shi fura ya sha, ya juya. Da Rumasa'u ta zo karɓar ragowar yadinta na tambaye ta Bappa. Ta ce kullum yana fita da su, yana gaba suna baya, in zai juya sai ya buga sanda a ƙasa. Ta ce in ya dawo ya yi sallar magariba, yakan kira ta da hannu, ya ja ƙofar ɗaki, ya nuna mata wayar. Sai ta rage sauti sosai kafin ta kunna masa, don kada shanun su ji su taso.