Kujerun Aro

A makarantun gwamnati na wannan yanki, kujeru sun fi malamai yawo. Duk ranar da aka ji sufeto zai zo duba wata makaranta, sai a aiki mai amalanke ya zagaya maƙwabta, ya kwaso na wannan, ya kwaso na waccan, a cika azuzuwa. Sufeto ya zo ya tarar da yara zaune tsaf kamar 'ya'yan gata, ya ce madalla, ya tafi. Washegari kujeru su koma gidajensu, yara su koma ƙasa. Har akwai wani benci mai gurguwar ƙafa da malamai ke cewa ya fi sufeton sanin hanya.

Wata malamar aji uku ce a ɗaya daga cikin makarantun ta fara cewa abin ya ishe ta. Ajinta ne na ƙarshe, jikin katanga. Simintin ya farfashe, yara na rubutu a kan cinya, su tashi suna ɗingishi saboda ƙafa ta yi tsami. Malaman makarantarsu suna da 'yar ƙungiya, na makarantar bakin kasuwa suna da tasu, haka na bayan tasha, kuma sukan haɗu bayan an tashi yara. A can ta kai kukanta.

Malamin lissafi na bayan tasha ya saurare ta, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Mu muke nuna musu muna da kujeru, sannan mu zauna muna jiran su kawo mana kujeru. Don Allah wa ya kai mu wauta?"

A ranar suka yanke shawara baki ɗaya: ba aro, ba bayarwa, ko makarantar wa abin ya faɗa wa.

Sai ya faɗa wa makarantarta. Abin da ya tsaya mata a rai kuwa shi ne hedimasta. Tsohon nan shi ya koya mata riƙe fensir, shi ya je har gida ya lallashi mahaifinta ya bar ta ta yi karatun malanta, kuma a bana zai ajiye aiki. Wannan ne dubawarsa ta ƙarshe.

Ya kira ta ofis, bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mata sauƙi.

"'Yata, na ji abin da kuka ƙulla. Ba na ce ba ku da gaskiya ba. Amma ku bari in fita da mutuncina. Ba a taɓa zuwa an same ni da abin kunya ba, sai yanzu da na zo bakin ƙofa?"

"Baba, ai kunyar ba taka ba ce."

"Sunana za a kira, ba na ƙungiya ba."

"In muka ɗaga wa makarantarmu ƙafa, gobe kowa zai ce a ɗaga masa. Yaran nan kuma sai su gama a ƙasa, Baba, kamar yayyensu."

Ya ce ta tafi. Ta fita tana jin kamar ta mari mahaifinta, ta je bayan aji ta yi kukanta ta share.

Duk da haka ranar dubawa hedimasta ya aiki mai amalanke da sassafe. Mutumin ya dawo yana tura iska. Ko'ina ya je, malamai sun tare shi a bakin ƙofa, sun gaishe shi da kyau, sun ba shi ruwa, sun ce a gaida hedimasta a ba shi haƙuri. Tsohon ya tsaya ya daɗe yana kallon amalanken.

Da motar sufeto ta shigo, malamar tana cikin aji tana kallo ta taga. Ta san dabara ɗaya ta rage masa: ya riƙe baƙon a ofis da hira da lemo, ya nuna masa aji shida mai 'yan kujeru, ya raka shi mota. Ba za ta ga laifinsa ba in ya yi hakan.

Sai ta ga sun wuce ofis. Sun wuce aji shida. Tsohon yana gaba cikin rigarsa fara da ta sha guga, sufeto na biye da jaka a hammata, har suka iso ajinta. Yara suka miƙe suka gaishe su, suka koma suka zauna a kan fasasshen simintin.

Sufeto ya duba dama, ya duba hagu. Ya ce, "Malam, a ba ni inda zan zauna in ga darasin."

Hedimasta ya dafa bango, ya sauka a hankali, gwiwoyinsa na ƙara, ya zauna a ƙasa tsakanin wata yarinya mai majina da wani yaro marar takalmi. Ya tattara bakin rigarsa ya matsa gefe, ya buga simintin da tafin hannu.

"Ga wuri, ranka ya daɗe. Nan muke zama." Sannan ya ɗago ya dube ta. "'Yata, ci gaba da darasinki."