Mai Jan Ciki

"'Yar komar tana rataye a ƙusa, bayan ƙofa," in ji Malam Kassim daga kan gado. "Namijin za ka cire mini, Sama'ila. Namijin kawai."

Na ce to. Ni da "to" mun daɗe tare, ba ta taɓa yi mini wuyar fita ba.

Malam Kassim maƙwabcina ne a unguwar Birni, katanga ɗaya ta raba mu. Direban kamiyo ne, babbar motar kaya, da ya ci hanyar Damagaram zuwa Legas har ƙafarsa ta gaji. Da ya ajiye aiki, abokansa suka sayi raguna, shi kuwa ya kafa akwatin gilashi a ɗaki ya cika shi da ruwa da ciyayi da ƙananan kifaye, a garin da pampo ke yin kwanaki bai ɗiga ba. A fadarmu ta shayi kullum sai an tambaye shi yaushe za a ɗora miya. Yakan yi murmushi ya ce dangin karfasa ne amma wadanni, ko sun tsufa ba sa wuce tsawon ɗan yatsa. Da ni ake dariyar, ba zan ɓoye ba. Amma ni ne kuma mai shiga ɗakin, ya zaunar da ni gaban gilashin ya yi ta bayani, wannan kaza wancan kaza, ina gyaɗa kai idona yana kan butar shayi. A haka ya ɗauka ya sami ɗalibi.

Sai ciwon suga ya cinye masa ido, ya kuma kwantar da shi. Matarsa, Ya Falmata, ita ke ba kifin abinci, ita ce kuma ta leƙa cikin ɗan fasasshen kaskon da ke kife a ƙasan ruwa ta ga wasu 'yan ƙwayoyi manne a rufinsa kamar gero. Shi ya sa aka aiko kirana ran nan da hantsi.

"Ƙwai ne," ya ce cike da murna. "Tun da na kawo su nake jiran wannan. Sun taɓa yi sau ɗaya, uban ya cinye. Yanzu a raba shi da su, a bar uwar ta yi musu fifita, ta kori sauran kifin. Ina so a ce mini sun fito kafin in tafi."

"Haba Malam, ina za ka?"

"Bar wannan. Falmata ta ce ba ta iya gane su."

"Ni kifi a miya na san shi," in ji Ya Falmata daga bakin ƙofa. Ta faɗa ba ko kunya, ta koma wurin tukunyarta.

Na durƙusa gaban gilashin. Ga 'yan sirara masu yawo a garke, ga wani mai gashin baki yana kiwo a ƙasa, ga kuma biyun da ake magana a bakin kasko. Ɗaya dogo ne, launinsa a dushe, wutsiyarsa mai tsini. Ɗayan gajere, dunƙulalle, cikinsa ja wur kamar an shafa masa lalle.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi."

"Ai ka san su. Na sha nuna maka."

Nan ne ya kamata in buɗe baki in ce Malam, wanne ne? Kalma biyu. Amma in faɗe su daidai yake da in ce duk zaman da muka yi shayinsa kawai nake sha, ga shi kwance yana kallon rufi da idon da ba ya gani. Sai na yi lissafi irin na wanda ya tashi a Damagaram. Zakara ya fi kaza ado. Ƙadangaren da ke kan duwatsun Birni, mai jan kan shi ne namiji, kowane yaro ya san jan gwada. Da na zura komar ma, jan ne ya taso mata da faɗa, ya cije ta ya sake cizo, ɗayan ya ja da baya. Na ce a raina ga mai gida nan. Na sha wuya kafin na kama shi, na jefa a bokitin da aka tanada da ruwan sama.

"Madalla," in ji Malam Kassim. "Allah ya yi maka albarka."

Na amsa da amin, har da jin daɗi.

Da na koma duba shi bayan kwana biyu, jikin ya ƙara sauka. An dawo da shi daga gidan likita da maganin da shi kansa ya san na rakiya ne. Na gaishe shi, na zauna a tabarma. Bai tsaya kan gaisuwa ba.

"Leƙa mini. Tana bakin kasko?"

Na leƙa. Dogon yana can wani lungu yana harkarsa, 'yan siraran nan kuwa suna shiga kaskon suna fita kamar kasuwa.

"Tana nan kusa," na ce.

"Jan cikin nata ya fara dushewa ko? In ta zuba ƙwai yakan ragu. Nan gaba za ka ga ta fito da su tana kora su kamar kaza da 'yan tsaki."

Ban san lokacin da na juya na kalli bokitin ba. Tana ciki, ta lafe a gefe, jan ya koɗe ya koma ruwan toka. Na kai hannu cikin akwatin na ɗaga kaskon. Rufinsa fes, ko ƙwaya ɗaya babu.

Makaho yana jin shiru fiye da mai ido. Ya saurari ɗigar ruwa daga hannuna.

"Sama'ila. Wanne ka cire?"

"Jan, Malam."

"Jan."

Ƙirjinsa ya motsa, na ɗauka tari ne, ashe dariya ce ba ƙarfi. "Jan gwada ka ɗauke ta," ya ce. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido zuwa kunne, bai share ba. Na so ya zage ni. Wallahi da ya zage ni da na sami abin riƙewa.

Ya Falmata ta shigo da kofin kunu, ta dube ni ta dube shi. "Lafiya? Sun ƙyanƙyashe?"

"Ba su yi ba," in ji shi. "Laifina ne. Ban taɓa nuna wa Sama'ila yadda ake gane su ba."

"To kai ma dai," ta ce, ta tallafo kansa ta kai masa kofin baki.

Na zauna ina kallon tabarma. Alhali a da ya nuna mini, ya sake nunawa, har da ɗora yatsa a gilashi. Ni na sani, shi ya sani, kuma ya zaɓi ya yi ƙarya a kan gadon mutuwarsa don kada matarsa ta ga tsiraicina. Ban iya ce masa ya yafe ba, don in na faɗa na ƙaryata shi a gabanta. Na yi sallama da murya kamar ta aro na fita.

Washegari da walaha na ji kukan mata ta kan katanga.

Muka yi masa sutura, muka kai shi kafin azahar. A wurin zaman makoki 'yan fada suka yi ta faɗin haƙurinsa. Mahamud mai gyaran babur ya ce, "Kifin nan sai a bar wa Sama'ila, shi kaɗai ya san kansu." Kowa ya ce gaskiya ne. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka kuka nake.

Da la'asar na nemi izini na shiga ɗakin. An naɗe katifar, gadon ya rage ƙarfe. Na tsugunna na kamfato ta daga bokiti da tafin hannu biyu, na sake ta a cikin akwatin. Ta nutse ƙasa ta tsaya cak, har na ji tsoro. Can sai ta motsa. Ta ratsa ta tsakiyar 'yan siraran ba ta kula su ba, ta shige ƙarƙashin kaskon, ta juyo ta tsaya a bakinsa, ta fara kaɗa 'yan fikafikanta a hankali tana yi wa wurin fifita.