Kifi Mai Jar Wutsiya

Shekara da shekaru jami'in kula da kifi yana yawo ofis-ofis, har aka yi dokar hana kama wani kifi mai jar wutsiya da ya kusa ƙarewa a koginsu. Duk masuncin da ya kama shi, jami'in yakan ƙwace komarsa, ba ya jin roƙo.

Wata rana ya je gaida mahaifiyarsa, ta kawo masa romo. Yana kai loma baki ya gane kifin, don da shi aka raine shi. Ya leƙa kwanon, ga jar wutsiya a cikin mai. Ya dubi ƙofa, bai ga kowa ba, sai ya ci gaba har ya suɗe kwanon.

Yana wanke hannu yayansa masunci ya shigo, ya dubi ƙayoyin da ke kan faranti.

"Har da ƙwai a cikinsa," in ji yayan. "Inna ce ta matsa mini, wai ka rame."

Jami'in ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da ƙyar ya ce, "Yaya, gobe zan zo in karɓi komarka."

"Ka zo mana, ranka ya daɗe. Amma ka fara goge gemunka."

Washegari ya je ya karɓo komar, yayan bai yi gardama ba. Har ya bar bakin kogin bai iya haɗa ido da ko masunci ɗaya ba.