Ruwan Shunayya a Ƙafar Baba

Shekara da shekaru Malama tana koyar da ilimin sinadarai, kuma babu darasin da take ji da shi kamar na fotasiyam famanganet, baƙin garin nan da ke mai da ruwa shunayya. Kullum takan cika hannu wurin haɗawa, don 'yan bencin baya su ga launin su bar gyangyaɗi. Saboda haka da likita ya ce a riƙa jiƙa gyambon ƙafar mahaifinta a ruwansa, sai ta ce wannan aikinta ne, kada kowa ya sa mata hannu. Likita na ta bayani cewa mai ciwon sukari ba a wasa da ƙafarsa, a tsinka ruwan sosai sai launin ya kusa ɓacewa. Ita kuwa gyaɗa kai kawai take, irin na wadda ta riga ta sani.

A gida ta haɗa a cikin roba yadda hannunta ya saba. Ruwan ya turu har ba a ganin gindin robar, ta ɗan juya da yatsu, ba ta jira ƙwayoyin sun narke ba. Baba ya tsoma ƙafa. Ta ga ya cije leɓe, ta tambaye shi, ya ce ba komai, ai 'yarsa ta san aikinta.

Washegari fata ta saɓule, gyambon ya ƙara faɗi. Likita na kwance bandeji ya ɓata rai, ya ce in abin bai tsaya ba, sai dai a yanke ƙafar. Ya tambayi wanda ya haɗa ruwan.

Baba ya riga ta buɗe baki. "Ni ne, likita. Ido ya yi rauni, na zuba da yawa. Ita tana makaranta."

Sinadarin nan yana rina fata ta koma ruwan ƙasa, sabulu ba ya fitar da shi da wuri. Ita da kanta take gaya wa ɗalibai haka. Hannun Baba fes yake, nata kuwa ya rinu har cikin farce. Likita ya dubi wannan, ya dubi wancan. Kunya ta kama Malama, ta buɗe baki za ta ce ita ce.

Baba ya miƙo hannu ya rufe yatsunta da tafinsa. Bai ɗaga ba har aka gama wanke ƙafar.